Sharhi kan kwamfiresa dbx 266xs a jikin mikisa, wajen naɗar murya a gida

Kwamfiresa ita ce na'urar da ke danne murya idan ta tashi fiye da kima, domin tazarar da ke tsakanin raɗa da ɗaga murya ta ragu, kuma wadda na daɗe ina aiki da ita wajen naɗar waƙa da karatu a ɗaki ita ce dbx 266xs. Akwati ne siriri mai faɗin inci 19, irin wanda ake jerawa a ragar na'urorin situdiyo, yana da layi biyu, kowane layi da nasa matsin da kuma tasa ƙofar toshe hayaniya. David Blackmer ne ya kafa kamfanin a Amurka a 1971, kuma ya yi suna ne a kan da'irar da ke sarrafa ƙarfin sauti da lantarki, wadda ita ce ginshiƙin irin waɗannan na'urori. A ganina na'urar ta cancanci wurin da take zaune, sai dai rabin amfaninta ya rataya ne a kan ramin da aka soka ta a jikin mikisa, wato na'urar da ke tattara sautuka ta haɗa su, sauran rabin kuma a kan sauƙin hannun mai murɗa ta.

Akwai ramin XLR a bayanta, irin ramin da ake soka kebul ɗin makirufo, kuma wannan yakan sa mutum ya ɗauka zai iya soka makirufo kai tsaye. Ba haka ba ne. Abin da makirufo ke fitarwa bai wuce 'yan milibolt ba, alhali 266xs sauti mai ƙarfin layi take jira, wato wanda amfilifaya ta riga ta ɗaga. Ba ta da amfilifayar makirufo, ba ta kuma ba da wutar bolt 48 ɗin da makirufon kwandensa ke buƙata. Saboda haka makirufo mikisa yake shiga tukuna, amfilifayar makirufo ta mikisa ta ɗaga shi, sannan a fitar da shi zuwa kwamfiresa a dawo da shi. Ramin da aka tanada domin wannan fita da dawowa shi ne wanda ake rubuta wa INSERT, kuma a yawancin mikisoci yana zaune ne bayan amfilifayar makirufo, kafin maɓallan gyaran sauti da feda, wato maɓallin ƙara ko rage ƙarfin sauti.

Ramin insat ɗaya ne amma hanya biyu ce a cikinsa, don haka kebul ɗinsa na musamman ne. Kansa ɗaya jak ne mai zobe, wato TRS, sannan ya rabu gida biyu, kowane reshe da jak marar zobe. A tsarin da ya fi yawa, tsinin jak ɗin ne ke fitar da sauti, zoben ya dawo da shi, jikin kuma shi ne wayar ƙasa. Reshen tsini yana tafiya mashigar kwamfiresa, reshen zobe yana fitowa daga mafitarta. Idan aka juya su, layin zai yi shiru ɗif, domin da zarar jak ya shiga ramin insat ya yanke hanyar cikin mikisa, sauti ba shi da wata mafita sai ta cikin na'urar waje. Wasu tsofaffin mikisoci sun juya tsarin, zobe ne ke fitarwa, shi ya sa duba littafin mikisa ya fi zato. Ni dai na manna 'yar takarda a kowane reshe na rubuta aikinsa, domin launin ja da baƙi ba ya nufin abu ɗaya a wurin duk masu ƙera kebul. Wani abin lura kuma shi ne hanyar insat ba ta da kariyar da kebul mai balans yake da ita daga tsintar ƙara, don haka gajeren kebul ya fi, kuma a nisanta shi daga wayoyin wuta.

Na gwada sauran hanyoyin haɗi domin in ji bambanci da kunnena. Idan aka bi ta ramin AUX, wato mafitar gefe ta mikisa, kwafin murya ne kawai ke zuwa kwamfiresa, asalin muryar kuwa tana nan tana wucewa ba tare da an taɓa ta ba, sai ka ji duk ihun da kake son dannewa ya fito yadda yake. Idan kuma aka sa ta a babbar mafitar mikisa, kiɗa da murya za su shiga matsi tare, duk lokacin da ganga ta buga sai murya ta dusashe. Insat ne kaɗai ke ba ta muryar gaba ɗaya kuma ita kaɗai.

A bayan na'urar akwai ɗan maɓalli mai zaɓi tsakanin +4 dBu da -10 dBV. Na farko yana daidai da bolt 1.23, na biyu bolt 0.316, tazarar kusan desibel 12 ke nan, kuma idan zaɓin bai dace da mikisa ba, ko dai matsi ya kama da wuri, ko kuma ya ƙi kamawa sai an murɗe maɓallin iyaka, wato mai tsayar da inda matsi zai fara, har ƙarshe.

Saitin da ya fi yi mini daɗi a kan murya ba mai wuya ba ne. Ina fara danna maɓallin tsallake na'urar, in daidaita ƙarfin makirufo a mikisa yadda mafi tsananin ɗaga murya zai tsaya wajen desibel -12 a ma'aunin kwamfutar da ke naɗi, sannan in kunna matsi. Ma'aunin matsi nakan bar shi a 3:1, ma'ana duk desibel 3 da murya ta haura iyaka, 1 kawai zai fito. Sai in riƙa sauko da iyakar a hankali har fitilun su nuna ragin desibel 3 zuwa 6 a wuraren da murya ta fi ƙarfi, su kuma mutu idan ta lafa. Maɓallin OverEasy, wanda ke sa matsi ya shigo sannu a hankali maimakon ya cafke farat ɗaya, shi ne abin da na fi yabawa a wannan na'ura, domin da shi ba ka jin lokacin da ta kama. Saurin kamu da saurin saki kuwa, maɓallin Auto ya wadatar da ni a mafi yawan naɗi. Idan za ka kwatanta sautin da aka matsa da wanda ba a matsa ba, ka daidaita ƙarfinsu tukuna, domin kunne yakan zaɓi mafi ƙara ya ce shi ne mafi kyau. Da aka daidaita, abin da na ji shi ne ƙarshen kalmomi ya daina ɓacewa a cikin kiɗa, kuma mai waƙa ya daina ja da baya daga makirufo duk lokacin da zai ɗaga murya.

Sai dai duk abin da kwamfiresa ta yi a lokacin naɗi ya zauna ke nan, kamar gishirin da ya riga ya narke a miya. Idan ka matsa da desibel 12, za ka ji numfashi ya kumbura, ƙarar fanka da amon bangon ɗaki sun taso, domin na'urar ta danne mai ƙarfi, kai kuma ka ɗaga komai don cike gurbi. Ɗakin gida da ba a yi wa shimfiɗar tsotse sauti ba shi ya fi shan wannan wahala. Ƙofar toshe hayaniya kuma a kashe nake barinta lokacin naɗi, ba don ta wannan na'ura tana da aibi ba, a'a, kowace irin ƙofa tana iya gutsure wutsiyar kalma mai laushi, abin da aka gutsure kuwa ba ya dawowa.

Dole kuma a faɗi gaskiya cewa naɗin kwamfuta a ingancin bit 24 yana da fili mai yawa tsakanin raɗa da ihu, har ba a buƙatar kwamfiresa domin kare sauti daga fashewa, kuma manhajar kwamfuta za ta yi irin wannan matsi bayan an gama, da damar warwarewa. Inda na'urar waje ta yi fice shi ne a kunnen mai waƙa: yana jin muryarsa a daidaice cikin hedifon nan take, babu jinkirin da ake samu idan sauti ya zagaya ta cikin kwamfuta, kuma wannan yana sauya yadda yake rerawa. Haka ma mai watsa shiri kai tsaye, wanda ba shi da damar gyara daga baya.

Na'urar amsa-kuwwa kuwa, mai ƙara wa murya amo, ba kamar kwamfiresa ba, ta AUX ake haɗa ta, a saita ta ta dawo da amon zalla ba tare da asalin murya ba, kuma na fi so a ji ta a hedifon kaɗai, kada ta shiga naɗi. Wannan yana buƙatar a ɗauki murya daga wata mafita dabam da babbar mafitar mikisa. Gurnanin lantarki mai hez 50 ko 60 da na taɓa ji bayan ƙara na'ura ya tafi da na haɗa mikisa da kwamfiresa da kwamfuta a soket guda.

Kafin ka saya, ka leƙa mikisarka ka tabbatar tana da ramin insat, domin ƙananan mikisoci da yawa ba su da shi. Idan babu, dbx 286s ta fi dacewa da kai, domin tana da amfilifayar makirufo da wutar bolt 48 da matsi da mai rage kaifin harafin s duk a akwati ɗaya. Makirufo ya shiga cikinta, mafitarta kuma ta shiga ramin layi na mikisa.