Shekara 41 ana jira: sharhi kan littafin Sándor Márai

Ta intanet na yi odar Embers, littafin labarin Sándor Márai, marubuci ɗan ƙasar Hungary, fassarar Turanci. An ce kwana goma zai iso, sai da ya ci wata guda da 'yan kai, ya zo kusurwar bangonsa a lanƙwashe. Ban mayar ba. Dare biyu na cinye shi.

Labarin bai da yawa. Tsohon Janar Henrik yana jiran amininsa Konrad, wanda ya ɓace ba sallama shekara 41 da suka wuce. Suka zauna cin abincin dare, kyandirori na ci har suka ƙare, tsakaninsu akwai mace da ta rasu da tambayar da ba a amsa ba. Aibinsa ɗaya: Janar ya cika surutu. Shafi bayan shafi shi kaɗai ke magana, Konrad da ƙyar yake tankawa, har na ji kamar in ce, baba, a bar baƙo ya sha ruwa mana. Mai son labari mai gudu, wannan ba nasa ba ne. An kuma fassara shi ne daga Jamusanci, ba daga harshen Hungary kai tsaye ba, miya ce da aka ɗumama sau biyu.

Abin da ya tsaya mini a rai lissafi ne. An haifi Márai a 1900 a Kassa, wato Košice ta Slovakia a yau. Littafin ya fito a 1942. A 1948, da 'yan gurguzu suka ƙwace mulki, ya bar Hungary: Italiya, New York, Salerno, daga ƙarshe San Diego. Bai daina rubutu da harshensa ba, amma ya hana a buga littattafansa a gida muddin sojojin Sobiyet na can. Matarsa Lola ta rasu a 1986, ɗan riƙonsu ya bi ta a 1987. A Fabrairun 1989 ya kashe kansa, watanni kaɗan kafin mulkin da ya kore shi ya rushe. Daga 1948 zuwa 1989, shekara 41 ke nan cif, kamar Janar ɗinsa. Shi dai baƙonsa bai zo ba.

Lambar yabo ta Kossuth, babbar lambar girmamawa ta Hungary a fannin al'adu, ta same shi a kabari a 1990, duniya kuma ba ta waiwaye shi sosai ba sai da aka buga littafin da Italiyanci a 1998. Na ba shi tauraro huɗu cikin biyar. Tauraro na biyar, surutun Janar ne ya cinye shi.