Wata huɗu a shirin rage ƙiba da gina tsoka a Asawase

Ni tela ce, shagona yana Aboabo a nan Kumasi, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina zagaya ƙugun mata da tef, don haka ban jira wani ya gaya mini ba lokacin da nawa ƙugun ya kai inci 39. Tun da na kammala shirin wata huɗu na gyaran abinci da ɗaga ƙarfe a wani gidan motsa jiki da ke Asawase, kusan duk macen da ta kawo mini ɗinki sai ta tambaye ni wane shayi nake sha, ko sau nawa nake cin abinci a rana. Amsar ta fi ƙarfin 'yar hirar da ake yi a bakin keke, shi ya sa na zauna na rubuta abin da na samu a wurin, da abin da ya gamsar da ni, da wanda bai gamsar da ni ba.

Bayan haihuwata ta uku nauyina ya tsaya a kilo 86, alhali tsawona santimita 163 ne kawai. Abin da na fara yi shi ne abin da yawancinmu muke yi, wato na hana kaina abinci. Da safe in sha koko rabin kofi babu ƙosai, da rana in wuce da ruwa da wani shayin rage tumbi da na saya a kasuwar Kejetia, da daddare in ci 'yar loma biyu ta tuwo in wanke hannu. Cikin wata biyu sikeli ya nuna kilo 79, na yi murna ƙwarai, amma a daidai lokacin nan gashina yana zuba a matsefi, al'adata ta rikice, idan na ɗago daga ruku'u sai in ga duhu, kuma da la'asar hannuna yana rawa har zaren allura ya gagare ni. Mahaifiyata ta dube ni wata rana ta ce, "Wannan ramar ba ta lafiya ba ce, kin zama kamar wadda ta tashi daga jinya." Daga baya yunwar ta ci ƙarfina, na riƙa tashi tsakar dare ina cin burodi da shayi mai madarar gwangwani, kuma kafin wata uku su cika na koma kilo 84, da jiki mai laushi da kasala fiye da da.

A wannan hali na je wurin. Shirin ya ƙunshi horo sau uku a mako tare da mai horarwa mace, da zama da masaniyar abinci sau ɗaya duk mako biyu. Ranar farko ba su ba ni takardar jerin abincin da aka haramta ba, wanda shi na zaci za a yi. Masaniyar abincin, matashiya ce mai natsuwa, ta sa ni rubuta duk abin da ya shiga bakina na kwana bakwai, har da abin sha. Da na kawo littafin ta duba, sai ta ce, "Anti, daga Litinin zuwa Alhamis ba kya kaiwa kalori 1,000, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, amma daren Juma'a da ranakun biki kina ninka wannan sau uku. Jikinki yana shan wahalar yunwa, kitsen kuma yana nan inda yake." Sannan ta yi lissafi a gabana da tsarin da ake kira Mifflin-St Jeor, wanda ke amfani da nauyi da tsawo da shekaru, ya nuna cewa mace mai shekara 36 da jikina tana ƙona kusan kalori 1,520 a rana ko da kwance ta wuni, domin zuciya da ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda ba sa hutawa. Idan aka haɗa da zirga-zirgar gida da shago da horo, buƙatata ta kai wajen 2,200. Ta tsayar mini da 1,800 a kowace rana.

Na yi mata gardama, domin a ganina wadda ta zo rage ƙiba bai kamata a ƙara mata abinci ba. Bayanin da ta yi mini shi ne abu mafi daraja da na saya da kuɗina a wurin. Kitse yana raguwa ne idan abin da mutum ya ci ya gaza abin da jikinsa ya ƙona, wannan kuwa ba a ja da shi. Amma girman giɓin yana da muhimmanci. Idan giɓin ƙarami ne, kamar kalori 300 zuwa 500 a rana, kuma mutum yana cin isasshen furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, yana aikata tsokarsa, yawancin abin da jiki zai cike giɓin da shi kitse ne. Idan giɓin ya yi yawa kuma ya daɗe, jiki yana cinye tsoka tare da kitse, yana rage abin da yake ƙonawa, mutum ya daina kazar-kazar ba tare da ya lura ba, yunwa kuma ta ƙaru har ta rinjayi niyya. Ta ba ni labarin gwajin da Ancel Keys ya jagoranta a Jami'ar Minisota ta Amurka a 1944 zuwa 1945, inda aka rage wa samari 36 masu lafiya kusan rabin abincinsu na tsawon wata shida. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonawa a hutu ya faɗi da wajen kashi 40 cikin ɗari, suka zama masu saurin fushi da jin sanyi, tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana, kuma da aka sake su wasu sun riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Ina sauraronta ina ganin kaina a tsaye a kicin ƙarfe biyu na dare. Ashe abin da na ɗauka raunin zuciya ne, na yi ta zargin kaina a kansa, hali ne na jikin ɗan Adam idan aka matsa masa.

Wani abin da na yaba shi ne ba a raba ni da abincin zango ba. An dai gyara yadda nake haɗa shi, aka kuma sa mini burin furotin giram 110 a rana. Misali, a da idan na je wurin mai waakye, wato shinkafa da wake, sai a cika mini ganye da shinkafa, a ɗora taliya da gari, a malala shito, wato soyayyen yajin barkono, da man miya, a sa ganda ɗaya. Yanzu ina cewa a rage shinkafar, a bar taliya, a sa ƙwai biyu da kifi, a ƙara ganyen salak, shito kuma cokali ɗaya. Kuɗin kusan ɗaya ne, amma ina kaiwa la'asar ban ji yunwa ba. Na koyi cewa ƙwai ɗaya yana da furotin kusan giram 6, dafaffen wake giram 100 yana da kusan 8, ƙirjin kaza dafaffe giram 100 yana da wajen 30, ganda kuwa, duk da daɗinta, furotin ɗinta ba mai cikakken amfani ba ne wajen gina tsoka. Busasshen kifin amane, da cukun wagashi, da nono marar sukari, da sardin na gwangwani suka zama abin dogarona, domin su ne aljihuna zai iya ɗauka kullum. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da furotin sosai, sai dai giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 560, don haka da tafin hannu ɗaya nake tsayawa.

Mai ne ya fi ba ni mamaki. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitaci da na furotin kuwa 4 kowanne, kuma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Wata Asabar na ɗauki ludayin da nake zuba mai a miyar tumatir, na cika shi kamar yadda na saba, na juye a cokali ina ƙirgawa, sai ga cokali shida, ni kuwa ludayi biyu nake zubawa. Na koma ludayi ɗaya, kuma har yau maigidana bai ce miyar ta sauya ba. Tuwon zafi da miyar ayoyo yana nan a gidanmu, malmala ɗaya nake ci, in cika kwanon da miya da nama ko kifi.

Game da ɗaga ƙarfe, na shiga da tsoron da mata da yawa suke da shi, cewa za mu yi ƙwanji irin na maza. Mai horarwar ta ce mini sinadarin namiji da ke sa tsoka ta yi wannan girman kaɗan ne ƙwarai a jikin mace, kuma ko maza sai sun shekara suna fama kafin su kai haka. Horon ba shi da yawan salo. Akwai tsugunawa da tashi riƙe da ƙarfe a ƙirji, da ɗaga ƙarfe daga ƙasa da miƙaƙƙen baya, da jawo shi zuwa ciki, da tura shi sama, kowanne zagaye uku, sau takwas zuwa goma sha biyu, kuma duk lokacin da nauyin ya zama mai sauƙi sai a ƙara kaɗan a rubuta a littafi. Makon farko cinyoyina sun yi tsami har zaman tahiya ya zame mini aiki. Na fara tsugunawa da kilo 6, na ƙare da 18, ɗagawa daga ƙasa kuma daga kilo 20 na kai 50. Ta kuma gaya mini gaskiyar da ba kowa ke faɗa ba, cewa kilo ɗaya na tsoka ba ya ƙona fiye da kalori 13 ko makamancin haka a rana idan ana hutawa, don haka kada in zaci tsoka za ta narkar da duk abin da na ci. Amfanin ƙarfen shi ne ya tsare tsokar da nake da ita yayin da kitse ke tafiya, ya ƙarfafa ƙashi, ya kuma taimaka wa jiki wajen sarrafa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana ba manya shawarar aikata tsoka aƙalla kwana biyu a mako, baya ga minti 150 na motsa jiki matsakaici.

Daga mako na uku zuwa na shida sikeli bai motsa ba, kuma saura ƙiris in koma tsohon halina. Tef ɗina ne ya riƙe ni, domin a cikin waɗannan makonnin ƙuguna ya ragu da inci ɗaya da rabi. Sabon horo yana sa tsoka ta riƙe ruwa, kwanakin al'ada ma haka, shi ya sa nauyi kan ɓoye abin da ke faruwa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Manhajar ƙirga kalori da suka sa mu sauke a waya ba ta san abincinmu ba, domin idan ka nemi tuwon zafi ko burkina ko fura sai ka ga adadi daban-daban da mutane suka shigar da ka, wasu ma ba su kusa da gaskiya. Bayan mako uku na watsar da ita, na koma awo da tafin hannu da dunƙule kamar yadda masaniyar abincin ta nuna mini, kuma da tun farko da wannan aka fara da an rage mana wahala. Na biyu, a teburin karɓar baƙi ana yawan tallata garin furotin na gwangwani, har ana sa mutum ya ji kamar horonsa ba zai yi amfani ba sai da shi, alhali kuɗin gwangwani ɗaya zai sayi ƙwai da kifin wata guda. Ban saya ba, kuma ban rasa komai ba. Na'urar da ake takawa ta nuna kason kitsen jiki ita ma ba abar dogaro ba ce, domin da ƙaramin lantarki take aunawa, kuma yawan ruwan da mutum ya sha yana sauya sakamakonta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin da aka ware wa mata. Awa biyu ne kawai da hantsi, daidai lokacin da mai sana'a take buɗe shago, kuma a unguwar da yawancin matan ba za su yi horo a gaban maza ba wannan ƙaranci ne babba. Makonni uku na ƙarshen shirina sun faɗo cikin azumi, sai na tarar ba su da wani tsari na masu azumi ko kaɗan. Ni da masaniyar abincin muka zauna muka tsara cewa in rage nauyin ƙarfen, in yi horon a gida bayan asham da ƙarfen hannu da na aro, in raba furotin tsakanin shan ruwa da bayan asham da sahur, in kuma daina neman raguwar nauyi har a sauke azumi. Ya yi aiki, amma bai kamata a ce sai mai biyan kuɗi ta nemi wannan da kanta a Asawase ba.

Na biya sidi 300 a kowane wata, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai ɗinki, kuma duk da ƙorafe-ƙorafen nan ina ganin ya cancanta, musamman saboda zaman da ake yi da masaniyar abinci. Kafin su karɓe ni sun auna hawan jinina, sun tambaye ni ko ina shayarwa ko ina da ciwon sukari, kuma na ga sun mayar da wata mata asibiti ta fara ganin likita, abin da ya ƙara mini yarda da su. Mai juna biyu, da mai shan maganin sukari, da wadda tsoron abinci ya riga ya kama ta har ba ta iya ci ko ta so, likita ya kamata su fara gani kafin irin wannan shiri.

A ƙarshen mako na 16 nauyina kilo 78 da rabi ne, kusan daidai da inda yunwa ta taɓa kai ni, amma ƙuguna inci 35 ne, gashina ya daina zuba, al'adata ta daidaita, kuma ina ɗauko bandir ɗin yadi daga bakin titi zuwa shago ba tare da na kira yaro ba. Masaniyar abincin ta ce abin da ake so shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum, wato inci 32 a wurina, don haka da sauran inci uku. Na sabunta rajistata ta horo kaɗai na wata uku masu zuwa, na kuma rubuta wa masu wurin takarda, tare da sa hannun mata goma sha ɗaya, muna roƙon a buɗe mana awa ɗaya bayan sallar asuba.