Kumfar haidrojin ta ruɗe mu, aidin ne ya taimaki ƙafar Umma

Umma tana da ciwon suga. Garwashi ya ɗan taɓa ta a idon sawu, ba ta ma ji zafin ba, sai da wurin ya fara ruwa muka lura. Na je wani kemis a unguwarmu ta Kurna, mai shagon ya miƙo min kwalbar haidrojin, wato ruwan wanke ciwo na hydrogen peroxide, ya ce a zuba safe da yamma.

Ranar farko kumfa ta taso fara fat, Umma ta ce, "Ka ga dattin yana fita." Wallahi na ji daɗi, har na yi wa maƙwabta tallarsa. Sati uku muna zubawa, kullum kumfa, amma bakin ciwon sai fari yake yi, ramin yana ƙara faɗi har ya kai murfin kwalbar lemo. Ya zama gyambo sosai.

A asibiti wata nas ta dube ni ta ce, "Malam, me kuke sa wa Hajiya?" Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. Ashe kumfar ba datti ba ce, jini ne ke fasa maganin ya koma ruwa da iskar oksijin, ko ciwo tsaf yake sai ya yi kumfa. Kuma yadda yake kashe ƙwayoyin cuta haka yake cin sabon naman da ke tsirowa. Wato kullum muna rushe abin da jikinta ya gina cikin dare. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Nas ɗin ta wanke ciwon da ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa, ta shafa aidin ɗin Povidone mai ƙarfin kashi 10, ta rufe da bandeji. Sai da ta tambaya ko Umma na da maƙoƙo kafin ta sa. Ba ya raɗaɗi kamar aidin ɗin da aka saba sa mana a firamare, kuma cikin kwana goma warin ya ɗauke, jan nama ya fara fitowa. Wannan kam na yaba.

Amma yana ɓata zane, kuma murfin kwalbar da na saya yoyo yake, rabi a leda ya ƙare. Sannan ba shi kaɗai ya yi aikin ba, sai da aka saukar da sugan aka hana ta yawo da ƙafar. Abin da har yau yake ƙona min rai, mai kemis ɗin nan bai tambaye ni ko tana da suga ba, alhali sau uku ina komawa sayen kwalbar.