Wasiƙa daga Kuala Lumpur: yadda kuɗi ke tafiya a Malesiya

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Ka ce in ba ka labarin harkar banki a nan, tunda kana tunanin fara sayo kaya daga wannan yanki. To ga abin da ido ya gani.

Tsabar kuɗi ta rage yawo a hannun mutane. Matar da ke sayar da shinkafa dafa-da-kwakwa a bakin titi tana da ɗan kwali mai lambar QR manne a teburinta. Ka haska da waya, tata wayar ta yi ƙara, ka ɗauki ƙunshinka. Tsarin sunansa DuitNow, lamba ɗaya ke karɓar kuɗi daga kowane banki. Ba jiran alat, ba mai POS a ƙarƙashin lema yana cire ladansa. Duk wanda ya kwana a layi lokacin ƙarancin takardun naira a 2023 zai gane abin da nake nufi.

Baƙo dai yana shan tambayoyi. Kafin a buɗe mini asusu sai da na kai fasfo da biza da takardar wurin aiki, kuma koren fasfonmu na sa ma'aikaci ya ƙara dubawa. Abin da ciwo, Yaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Tabung Haji, asusun adashin aikin Hajji. A da manoman nan sai su sayar da gona ko dabba su tafi Makka, su dawo hannu rabbana. Wani masanin tattalin arziki, Ungku Aziz, ya kawo shawarar a tara kuɗin a hankali ba tare da riba ba, aka kafa asusun a 1963. Yau miliyoyin mutane ke ajiya a ciki, har jarirai ake buɗe wa. Hukumar na juya kuɗin a gonakin kwakwar manja da gine-gine da hannun jari, ta fitar da zakka, ta raba wa masu ajiya kasonsu. Daga nan aka kafa Bank Islam a 1983, yanzu kuwa manyan bankuna irin su Maybank da CIMB duk suna da sashen Musulunci, kuma 'yan asalin Sin da Indiya waɗanda ba Musulmi ba suna hulɗa da shi ba tare da wani ce-ce-ku-ce ba. Mu sai 2012 Jaiz ya fara aiki, adashin gata na hukumar alhazai kuma sai 2020. 'Yar Ungku Aziz ɗin ma, Zeti, ita ta riƙe babban bankin Malesiya daga 2000 zuwa 2016.

Attajiransu da yawa 'yan asalin Sin ne. Teh Hong Piow da aikin akawun banki ya fara kafin ya kafa Public Bank a 1966. Robert Kuok da sukari ya yi suna, kamar Ɗangote, sannan ya shiga otal-otal.

Kada ka ɗauka babu ɓarna. Badaƙalar 1MDB, wani asusun zuba jari na gwamnati, ta lashe biliyoyin daloli, Tabung Haji kanta ta shiga matsala a 2018 sai da gwamnati ta tallafe ta. Amma tsohon firaminista Najib Razak ya shiga gidan yari a 2022 kan wata shari'a mai alaƙa da 1MDB, da idona na ga mutane suna kallon labarin a shagon shayi.

Game da kayanka, kada ka tura kuɗi ta hannun kowa sai na je na ga kamfanin da kaina. A nan ana biya ta asusun kamfani mai rajista, a ba ka rasit. Ka turo mini jerin abin da kake so da yawansa. A gaida Hajiya, ta ci gaba da sa ni a addu'a.