Gidan mandi kusa da Shara Mansur

Shekara 12 ke nan ina cin mandi a wani gidan abinci kusa da Shara Mansur a Makka. Naman ragonsu na nuna luɓus, shinkafar ba ta caɓewa.

Jiya sabon yaronsu ya ƙwala min kira: "Ya Takruni!" Na saba da wannan kalma da ake kiran mutanen Afirka ta Yamma da ita. Asalinta sunan tsohuwar daular Takrur ce ta bakin kogin Senegal, duk da cewa da raini ake yawan faɗarta. Amma da ya ce wa abokina "abd", wato bawa, sai abincin ya fita raina. Tun 1962 aka soke bauta a nan Saudiyya, har yau kalmar na ƙona zuciya.

Mai gidan ya fito da kansa ya tsawata masa, ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri." Saboda wannan zan koma.