Karatun fisiyo a jami'a: yadda na same shi

Ni fa ba fisiyo (physiotherapy, aikin farfaɗo da gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki) na nema ba tun farko. Likitanci na so, maki bai kai ba, aka tura ni sashen da mutane ke kira gashin ƙashi. Na shiga ina ƙunƙuni.

Shekarun farko hadda ce zalla. Ƙashi 206 na jikin babban mutum, kowanne da sunansa, sai tsokar da ke manne da shi, inda ta faro, inda ta ƙare, da jijiyar da ke ba ta umarni. Damin jijiyoyin nan da ke fitowa daga wuya ya sauka hannu, wanda a lambobin jijiyoyin laka ake ce wa C5 zuwa T1, na zana shi har takarda ta gaji kafin ya zauna mini. Ɗakin gawa kuwa, warin fomalin, maganin da ke hana gawa ruɓewa, sai ya kwana a hancina.

Abin da ya ɓata mini rai, an daɗe ba a kai mu wurin marasa lafiya ba. Injin motsa tsoka da lantarki ma guda ɗaya ne, aji guda mu zagaye shi muna leƙe. Sana'ar hannu ai ba a koyon ta da ido.

Sai da muka fara zuwa asibiti karatun ya yi ma'ana. Aka haɗa ni da wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5 ake auna shi. In gaɓa na motsi amma ba ta iya ɗaga nauyin kanta, 2 ke nan, in ta ɗaga ta kai 3. Makonni muka yi ƙafarsa na kan 2. Wata safiya na zare hannuna daga ƙarƙashin duga-duginsa ba tare da ya lura ba, na ce, "Baba, ɗan ƙara." Ya dubi ƙafar a sama, ya dube ni, ya ce, "'Yata, ashe kin sake ta?" Hannuna na rawa na rubuta 3 a fayil.

Aikin yana cin baya, don ɗaga mutum ba wasa ba ne, kuma za a yi ta ce maka mai tausa. Duk da haka ban yi nadama ba. Mai son shiga dai ya tambayi abu biyu kafin ya karɓi gurbi: a wace shekara ake fara horo a asibiti, kuma hukumar da ke ba da lasisin aiki ta amince da kwas ɗin?