Wane Ɓera Ya Fi Dacewa da Binciken Bijirewar Sankarar Ƙwan Mace?

Malama, kin tambaya ko wace dabbar gwaji ce ta fi dacewa ga mai son gano dalilin da sankarar ƙwan mace ke daina jin kemoterafi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara. Yawancin masu ciwon suna samun sauƙi da farko idan aka ba su kaboplatin da paklitaksel, sai ciwon ya dawo, kuma idan ya dawo cikin wata 6 da kammala magani, likitoci kan ce ya bijire wa platinam, wato rukunin magungunan da kaboplatin ke ciki. Abin da ake son dabbar ta kwaikwaya ke nan.

Hanya mafi arha ita ce a ɗauki ƙwayoyin sankara da aka daɗe ana renonsu a ɗakin gwaji, kamar SKOV3 ko A2780, a sanya su a jikin ɓeran da ba shi da garkuwar jiki. Ƙarin yana tsirowa cikin makonni, kuma akwai A2780cis, wato A2780 da aka horar da sisplatin, wani maganin platinam, har ta daina jin sa. Sai dai wani bincike na 2013 ya nuna cewa SKOV3 da A2780 ba su yi kama da nau'in sankarar da ya fi kashe mata ba, wanda kusan kowane ƙarinsa ke ɗauke da lalacewar TP53, ƙwayar gadon da ke hana ƙari tasowa. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin an gina ayyuka masu yawa a kansu. Idan dole sai wannan hanya, gara a nazarci PEO1 da PEO4, waɗanda aka samo daga mace guda kafin bijirewa da bayanta. A cikin PEO4 ƙwayar gadon BRCA2, wadda take a lalace a PEO1, ta gyaru, sankarar ta dawo tana iya ɗinke ɓarnar da maganin ke yi mata.

Hanya ta biyu ita ce a yanko ƙarin kai tsaye daga majiyyaciya lokacin tiyata, da izininta, a dasa wa ɓera. Irin wannan dashe yana riƙe da bambancin ƙwayoyin da ke cikin ƙarin na asali, kuma sau da yawa yana amsa platinam kamar yadda matar ta amsa, har ana iya maimaita masa magani zagaye bayan zagaye a ga yadda bijirewa ke kunno kai. Yana cin watanni da kuɗi, wani lokaci ma dashen ba ya kamawa, kuma shi ma ɓeran ba shi da garkuwa.

Mai son ganin rawar da garkuwar jiki ke takawa sai ya koma ga ID8, ƙwayoyin sankara da aka samo daga nau'in ɓeran gwaji mai suna C57BL/6 aka bayyana a 2000, waɗanda ake sanyawa a jikin ɓera mai garkuwa. Suna tara ruwa a ciki kamar yadda ciwon ke yi wa mata, amma na asalin ba su da lalacewar TP53, shi ya sa a 2016 aka cire musu wannan ƙwayar gadon da CRISPR, fasahar yanke ƙwayoyin gado. Kaza mai ƙwai kuwa tana kamuwa da ciwon da kanta idan ta tsufa, amma ta fi amfani wajen binciken rigakafi.

Tunda tambayarki kan bijirewa ce, ni dai dashen majiyyaciya zan zaɓa, sannan a tabbatar da sakamakon a ID8 da aka gyara kafin a yi maganar gwaji a kan mutane.